Tasar da Baba Nagoda Ya Bari a Kife

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi muke komawa, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Satumba na wannan shekara ta 1958, cikin kwanakin ƙarshe na Safar, Allah Ya yi wa Malam Labaran magini na Tudun Jukun rasuwa, wanda mu mutanen Tudun Wada muka fi sani da Baba Nagoda. Ya cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara ta ciwon ƙirji, aka yi masa sutura kafin la'asar. Ya bar matarsa, Inna Sakinatu, da 'ya'ya uku da jikoki. Ina ofis aka aiko mini. Ina da littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, tun ina makarantar Midil ban taɓa tsallake rana ba, amma a ranar layi ɗaya kawai na iya sakawa: "Baba Nagoda ya rasu. Tasarsa tana kife a garejina."

Yau kwana arba'in da biyar ke nan. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagawa, domin duk sa'ad da na fara sai in ga ina gyara kaina a cikinta. Wannan karon zan rubuta yadda abin ya faru. Baba, bari in yi magana da kai, tunda akwai maganar da ya kamata in yi kana raye ban yi ba.

Shekara goma sha ɗaya da saninmu. Kai ka ɗaura wa rijiyar unguwarmu baki, bayan da akuyar maƙwabcina Malam Irmiya, malamin makarantar mishan, ta faɗa ciki. Ka yi bakin da gangara zuwa waje don kada ruwan da ya zube ya koma, ka kuma bar shi da kaushi don kada mata su zame. Mai unguwa ya zo dubawa ya ce aikin bai yi sheƙi ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba madubi na zo yi ba. Mai son ganin fuskarsa ya leƙa ciki." Har yau ba wadda ta taɓa faɗuwa a bakin rijiyar nan.

Ban manta da dakalin Malama Suzana ungozoma ba. Ba ta kira ka ba. Wucewa kake yi ka ga yadda take tsayawa ta dafa gwiwa kafin ta hau ƙofarta. Ranar Lahadi tana coci ka zo da ragowar siminti a buhu, ka raba mata hawan ya zama mataki biyu, ka gitta katako, ka bar saƙo cewa ta bi ta ƙofar baya har Talata. Da ta tare ka a hanya tana godiya, ka ce kai ba ka san zancen ba, ta bincika ko aljanun unguwa ne suka koyi gini. Ta ce to ka gaya wa aljanun sun bar cokalin gininsu a bayan randarta.

Kana da wata ɗabi'a. In ka gama daɓe sai ka ɗauki buta ka tsiyaya ruwa a tsakiya, ka tsuguna ka yi shiru kana kallon inda zai bi. Na duba littafina na 1951, na ga na rubuta: "Mutumin nan kamar sauraren ƙasa yake yi." Na rubuta haka, na yaba, amma da abin ya zo kaina ban tuna ba.

Ga yadda ya zo. Ni malamin duba makarantu ne, bana ofis suka ce za a ba ni mota don rangadi. Na gina mata gareji a gefen gidana, na kira ka don daɓe. Wani abokina da ke aiki a Ikko ya kawo mini wani sabon fenti na ƙasa, gwangwani biyu, babba da ƙarami. Sai an haɗa su ake shafawa, in an haɗa kuwa cikin awa guda ya zama dutse, ba a ajiye shi. In ya kama siminti, baƙin mai ba ya ratsa shi. In bai kama ba, sai ya kumbura ya saɓule, kuma ba ni da wani. Takardar da ke jikin gwangwanin da Turanci take, na fassara maka ita da alfahari: daɓe ya yi kwana ashirin da takwas, ya zama da tsabta, ba maiƙo, ba danshi. Ka saurara har ƙarshe, sa'an nan ka ce, "Takardar ta faɗi a wane wata suka zuba nasu? Ta ce su ma a kan tsohon kududdufi suka yi gini?" Na yi dariya. Na ɗauka raha ce.

Ka zuba daɓen ranar Asabar, biyu ga Agusta, damina tana tsakiyarta. Na so ka goge shi ya yi santsi kamar na ofis, ka ƙi. Ka ce fenti yana son abin kamawa, a bar fuskar kamar harshen kyanwa. Mako guda kana rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna kana yayyafi safe da yamma, ni kuwa ina tsaye ina mamakin yadda mutumin da yake son abu ya bushe yake ta ba shi ruwa. Ka ce siminti sai ya sha ya ƙoshi kafin ya yi ƙarfi. Bayan mako biyu ka dawo da dutsen guga, ka durƙusa, ka bi daɓen taki-taki kana kankare wata farar fata da ta taso a samansa. Ka kira ta madarar siminti. Ka ce duk wanda ya shafa fenti a kanta, a kan gari ya shafa. Ka share, ka sake sharewa, ka ɗiga ruwa da ɗan yatsa. Inda ɗigon ya nutse ka wuce, inda ya tsaya ya yi ƙwallo ka koma da dutse.

Ranar kwana ashirin da ɗaya ka zo da tasa, tsohuwa mai lamba a gindi, da zoben roba da ka yanka daga tiyub ɗin keke. Ka shimfiɗa zoben a kusurwar da ke kallon tsohon kududdufin, ka kife tasar a kai, ka danne da dutse. Kullum bayan asuba sai ka zo, ka durƙusa ka ba ƙofa baya, ka ɗaga bakin tasar kaɗan, ka zura hannu, ka ɗan jima, ka mayar. Sa'an nan ka ce, "Da saura." Ba ka taɓa ƙara kalma a kai ba. Ka kuma kafa mini doka biyu: a bar ƙofa a buɗe iska ta shiga, kuma kada ƙafar mota ta taka.

Motar ta iso ranar Litinin, ashirin da biyar ga wata. Ranar Laraba da la'asar hadari ya taso har da ƙanƙara. Na tsaya a zaure ina kallon sabuwar mota ana dukanta, ga gareji a buɗe taki goma. Na ce wa kaina awa ɗaya ba za ta yi komai ba. Na shigar da ita. Da na fitar, ta bar tabon baƙin mai kamar tafin hannu a tsakiyar daɓen.

Da safe ka gani. Na shirya jawabi, ba ka ba ni damar yinsa ba. Ka koma gida ka ɗebo toka da kanwa, ka sa aka dafa ruwa. Kwana uku kana durƙushe a kan jiƙaƙƙen siminti kana gurza wurin nan, ka lulluɓe da toka ta tsotse, ka kwashe, ka sake. Mutum mai shekara sittin da wani abu, a cikin sanyin Agusta. Mai ɗakina Atika ta kai maka tabarma ka sa a gwiwa, ka ce za ta jiƙe a banza. A rana ta uku ɗigon ruwa ya nutse a wurin. Ka ce, "To, wannan ta yafe mana." Mana ka ce, kamar tare muka yi laifin.

Ya kamata wannan ya ishe ni kunya. Bai isa ba. Kwana ashirin da takwas suka cika, suka wuce. Motar tana waje ƙarƙashin tamfol, mutane suna wucewa suna tambaya ko garejin na ado ne. Ranar Litinin, ɗaya ga Satumba, ka zura hannu ka ce da saura. Malam Irmiya yana tsaye kusa da ni, ya zo gaisuwar safe. Na ce, kuma na rubuta kalmomin a ranar don haka ba zan iya sassauta su ba yanzu:

"Baba, ni fa na karanta. Ashirin da takwas aka ce, yau talatin. Wannan tasar taka ilimi ce ko tsibbu?"

Na faɗi haka ga mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi a masallaci ba, a gaban baƙon ido. Ka miƙe a hankali kana dafa bango. Ka goge yatsunka a riga. Ka dube ni, ba da fushi ba, da na fi son fushin. Ka ce, "Da saura, Malam." Ka gyara zaman dutsen ka fita. Malam Irmiya ya ce yana da aji, shi ma ya tafi.

Washegari ka zo kana tari. Ina jin ka daga ɗaki, ban fito ba, ina tsara yadda zan ba ka haƙuri ba tare da na janye maganar kwanakin ba. Kafin in gama tsarawa ka tafi. Ba ka sake zuwa ba. Aka ce kana kwance. Na sa ranar Asabar zan je, aka yi ruwa. Na sa Litinin, rangadi ya faɗo, na tafi ƙauyuka kwana biyu a cikin motar nan. Na dawo Laraba na ce gobe da yamma. Duk yana cikin littafin, kowace rana da dalilinta, kuma kowane dalili gaskiya ne. Daga gidana zuwa Tudun Jukun bai kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na yi imani da haka. Amma na tambayi wani ma'aikacin asibiti ko durƙuso a kan jiƙaƙƙen siminti yana kawo ciwon ƙirji. Ya ce ba wanda zai iya cewa i, ba wanda zai iya cewa a'a. Na tambayi na biyu, shi ma haka. Na daina tambaya, amma tambayar ba ta daina ba.

Kwana biyu bayan rasuwarka na shiga garejin na ɗaga tasar da kaina. A ƙarƙashinta na ga murfin gwangwanin madara da wani farin abu a dunƙule a kai. Na ɗauka ragowar siminti ce, na jefar a bola. Na shafa cikin tasar, a bushe. Na mayar, na duba washegari, a bushe. Kwana huɗu a jere, ko raɓa babu. Ina jin kunyar rubuta abin da ya zo mini: na ce ashe ni ke da gaskiya, tsufa ne ya sa ka jan aiki. Na ji sauƙi a raina. Na sa ranar Asabar, ashirin ga wata, zan haɗa fentin.

Ranar sadakar bakwai Atika ta wanke tasar ta tafi da ita, don Inna Sakinatu tana takaba ba ta fita. Da yamma ta dawo, tasar tana hannunta, da ƙullin tsumma a ciki. Ta same ni ina goge gwangwanayen.

"Malam, ajiye su tukuna. Inna ta ce in tambaye ka, ina murfin?"

"Wane murfi?"

"Na gwangwanin madara. Mai gishirin."

Na zauna a kan dutsen da kake danne tasar da shi. Atika ta ba ni labarin yadda Inna ta faɗa mata. Kullum da yamma sai ka sa ta gasa maka gishiri a kasko har ya bushe ƙayau, ka ƙulle a aljihu. Da safe ka zuba a murfin, ka sa ƙarƙashin tasar. Washegari ka murza na jiya a yatsa. In ya dunƙule, ƙasa tana numfasa ruwa har yanzu, ko da ido bai gani ba, ko da tasa ta bushe. Inna ta ce tun da aka fara aikin garejin nan gishirin miyarta ke ƙarewa, tana faɗa kana dariya. Ta ce kwana biyu kafin ka cika ka ce mata, "In na tashi zan je da kaina. In ban tashi ba, a gaya wa Malam kada ya buɗe gwangwanin nan sai ya zuba kamar yashi." Kukan mutuwa ya mantar da ita, sai da ta ga tasar. Ƙullin tsumman nan gasasshen gishiri ne ta aiko mini.

Na ce wa Atika, "Bai faɗi wani abu a kaina ba?"

"Ta ce ya ce agogo biyu gare ka, ɗaya a hannu ɗaya a ciki, kuma na cikin ya fi gudu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam. Me kake so ya ce?"

Na buɗe littafina na duba. Safiya goma ka ɗaga tasar nan, kuma sau tara na rubuta, "Ya shafa cikin tasa, ya ce da saura." Abin da na hango daga bakin ƙofa na rubuta, agogo a hannu. Taki huɗu ne tsakanina da kai. Ban taɓa durƙusawa kusa da kai ba, ban taɓa cewa Baba nuna mini ba. Ba ɓoyewa ka yi ba. Ni ne ban tambaya ba, don ina ganin abin da ba ya cikin takarda ba ilimi ba ne.

Na tono murfin daga bola. Tun daga ranar na ɗauki aikinka. Atika tana gasawa, ni ina durƙusawa. Ranar Asabar ɗin da na sa zan shafa fentin, gishirin ya fito a cure kamar ƙullin fura, har da laima a murfin. Da na haɗa gwangwanayen nan, da yanzu aikin kwana talatin na gwiwoyinka ya saɓule kamar fatar maciji. Kana kabari ka hana ni ɓarna.

Mako biyar na yi a haka. Ƙarshen Satumba, dunƙule. Farkon Oktoba, ya fara rabuwa amma yana manne wa yatsa. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Wasu safiyoyin nakan ji bakina ya ce "da saura" ba kowa a wurin. Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Oktoba, ranar sadakar arba'in ɗinka, na karkata murfin, gishirin ya zubo a tafina kamar yashin rafi. Ban yarda ba. Na ce ko an gasa shi fiye da kima, ko zoben ya zame. Na sake Laraba, na sake Alhamis, na sake Juma'a. Atika ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, da yana cewa da saura kana cewa ya yi. Yanzu ya ce ya yi kana cewa da saura. Wai sai yaushe za ka ji maganar mutumin nan?"

Jiya Asabar na share daɓen sau uku kamar yadda na ga kana yi. Na aika aka kira Malam Irmiya. Ya zaci don ya riƙe mini agogo ne, ya kuma riƙe. Amma kafin in buɗe gwangwanin na sa shi ya durƙusa, na zuba masa gishirin a hannu, na gaya masa duk abin da yake nufi. Na ce, "A gabanka na yi tambayar nan, a gabanka zan amsa. Ilimi ne. Ni ne jahilin." Ya daɗe yana murza gishirin. Ya ce, "Da ka faɗa masa." Na ce na sani.

Na haɗa fentin, na fara daga bango ina ja da baya zuwa ƙofa. Zoben roba ya bar da'ira a kusurwar da ka saba durƙusawa. Na tsaya da burushi a kanta, na so in bar ta a buɗe don tunawa. Sai na tuna kai ba ka barin kusurwa a aiki, kuma nan ne wurin da danshi zai fara shiga. Na shafe ta. Yau da safe na danna farce a wurin, na kankara da kwabo. Ya kama, Baba.

Ban san ko ka yafe mini ba. Na juya maganar agogon nan ta kowace fuska, wata rana in ji dariyarka a ciki, wata rana ban ji ba. Ba zan rubuta cewa ka yafe ba, don na daina rubuta abin da na hango daga ƙofa. Abin da na sani shi ne, na kira iliminka tsibbu ranar Litinin, ka dawo ranar Talata da tari ka zuba sabon gishiri, kuma kana kan shimfiɗar mutuwa daɓena yana ranka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Labaran. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Gwiwoyin da suka durƙusa don gyara wa mutane ƙasar da za su taka, Ka tabbatar da su a kan Siraɗi. Ka sa kowane guga da aka ja a rijiyarmu ya zama masa sadaka mai gudana. Ka sada shi da Manzon rahama, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, kuma kada Ka ɗauke mu da haƙƙin wani a wuya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Sakinatu, da babban ɗansa Malam Kailani, da ƙannensa Ishatu da Mika'ilu, da jikoki, da maginan Tudun Jukun da suka yi aiki tare da shi, da dukan mutanen Tudun Wada, Musulmi da Kirista, waɗanda suke taka aikinsa kullum ba su sani ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Malam Kailani, kai ne a madadinsa yanzu. Ka karanta abin da na faɗa wa mahaifinka, ban rage komai ba. Gobe Litinin bayan la'asar zan zo, ko ana ruwa ko ba a yi, in nemi gafararku baki da baki. Zan zo a ƙafa, in kawo tasar da hannuna. Ba a mayar da kwanon mutane wayam, don haka na cika wa Inna ita da gishiri.

Salmanu Mika'ilu
Tudun Wada, Zariya
Lahadi, 26 ga Oktoba, 1958